Karyewar Farfela a Motocin Tsere da Aka Sake wa Inji



Abin da zan yi magana a kansa a yammacin nan ƙarfe ne guda ɗaya, wanda mafi yawan masu mota ba su taɓa sa shi a ido ba, domin a ƙarƙashin mota yake, watau farfela. Ita ce doguwar sandar nan mai kama da bututu wadda ke ɗaukar juyi daga akwatin giya ta kai shi aksul na baya, inda wasu gajerun sanduna biyu, waɗanda makanikai ke kira shaf, ke karɓa su kai wa tayoyi. A motar gida farfela takan yi shekara goma ko fiye ba wanda ya tuna da ita. Amma akwai waɗansu motoci a Amurka da Ingila da Japan da Ostareliya waɗanda masu su kan cire musu injinsu na asali, su sa wani wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, sa'an nan su kai su filin tsere a ƙarshen mako. A cikin irin waɗannan motoci akan sami wadda farfelarta ko shaf ɗinta zai karye, a sayo sabo a ɗaura, ya sake karyewa, a sayo wanda ya fi tsada, shi ma ya bi sawun 'yan'uwansa. Wannan maimaitawa ita ce ta dame ni, ita ce kuma nake so mu bincika tare. Karyewa sau ɗaya tana iya zama tsautsayi ko mugun ƙarfe. In ta kai sau uku a wuri guda, to, ruwa ba ya tsami banza, lalle akwai wani abu a tsarin motar da ke kashe ƙarfen.

Sake wa mota inji ba sabon abu ba ne. A shekarar 1962 wani Ba'amurke, Carroll Shelby, ya sa kamfanin AC na Ingila ya ɗauki ƙaramar motarsa mai suna Ace aka zuba mata injin Ford mai silinda takwas, aka sami motar da duniya ta sani da suna Cobra. Abin lura shi ne, tun a motar farko injiniyoyin AC suka cire aksul ɗin Ace suka sa irin wanda ke cikin Jaguar, saboda sun san na asali ba zai ɗauka ba. Da aka zo sa injin da ya fi wannan girma a 1965, sai da aka sake gindin motar gaba ɗaya. Su kamfani ne, suna da injiniyoyi da wurin gwaji. Mutumin da ke wannan aiki a garejin gidansa da sifana da injin walda ba shi da ko ɗaya, ga shi kuwa dokokin ƙarfe da suka hau kan AC su ne suka hau kansa.

Bari mu ɗauki misali guda mu yi lissafi da shi. A shekarar 1989 kamfanin Mazda na Japan ya fito da wata 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu, MX-5, wadda Amurkawa ke kira Miata. Injinta na farko lita 1.6 ne, ƙarfin doki 116, ƙarfin murɗawarsa kuwa niyuton-mita 136. A shekarar 1997 kamfanin General Motors ya fito da inji mai suna LS1 a cikin motar Corvette, lita 5.7, silinda takwas, ƙarfin doki 345, ƙarfin murɗawa niyuton-mita 475. Da yake wannan inji ba shi da nauyi sosai kuma ba ya cin wuri, sai ya zama shi da danginsa ne aka fi zubawa a ƙananan motoci irin su MX-5. To, farfela ba ruwanta da ƙarfin doki. Abin da take ji a jikinta shi ne murɗawa, kuma akwatin giya yana ninka wannan murɗawa kafin ta iso gare ta. Giya ta ɗaya a MX-5 tana ninkawa sau 3.136, saboda haka farfelar asali tana ɗaukar kimanin niyuton-mita 430. Akwatin giyar da aka saba haɗawa da LS1, mai suna T56, giyarsa ta ɗaya tana ninkawa sau 2.66, abin da ke ba da kimanin 1,260. Kayan jaki ɗaya ke nan aka ninka sau uku.

Akwai abin da mutane kan manta a wannan lissafi, watau taya. Inji ba ya iya murɗa farfela fiye da yadda taya za ta iya riƙe kwalta. Da zarar an wuce wannan iyaka sai taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana hayaƙi, ƙarfe ya huta. A ce nauyin kilo 600 ne a kan tayoyin baya, tayoyin gida ne kuma, daga tsakiyar taya zuwa ƙasa santimita 30. Mafi yawan abin da za su iya riƙewa bai wuce niyuton-mita 1,800 ba a tsakanin shaf biyu. A sa wa motar nan tayoyin tsere masu faɗi da laushi, waɗanda ke manne wa kwalta kamar ƙaro in sun yi zafi, nauyi kuma ya koma baya yayin da aka taka totur, sai adadin ya haura 3,000. Shi ya sa sau da yawa mota kan yi shekara da sabon injinta lafiya lau, sai ranar da aka saya mata tayoyi masu kyau ta fara karya ƙarfe. Mai ita ya yi ta zargin wanda ya sayar masa da shaf, alhali kuwa shi da kansa ya toshe ƙofar da ƙarfin ke fita.

Da a ce yawan murɗawa ne kaɗai matsalar, da laccar nan ta ƙare a nan, domin maganinsa sananne ne. Ƙarfin sanda wajen jure murɗawa yana ƙaruwa ne da kaurinta sau kaurinta sau kaurinta, ta yadda in aka ƙara kauri da kashi 26 cikin ɗari kawai, ƙarfin ya ninka biyu. Masu sayar da kayan tsere suna da farfelar da za ta ɗauki ninkin abin da LS1 ke bayarwa. Amma ga shi ana sa irin waɗannan su ma suna mutuwa. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Sai mu duba gaɓoɓin da ke bakin farfela.

A kowane bakin farfela akwai wata gaɓa da makanikai ke kira kuros: ƙarfe ne mai hannu huɗu, gwafa biyu suna riƙe da shi, ɗaya daga wannan sanda ɗaya daga waccan, a kan kowane hannu kuma akwai ƙoƙo cike da siraran ƙarafa kamar allurai da giris. Amfaninsa shi ne ya bar juyi ya wuce ko da sandunan biyu ba su miƙe sak da juna ba. Turawa na jingina wannan gaɓa ga wani malami ɗan Italiya, Gerolamo Cardano, na ƙarni na 16, da kuma Robert Hooke na Ingila, wanda ya yi nazarinta ya buga bayaninta a 1676. Wani Ba'amurke kuwa, Clarence Spicer, shi ya sami takardar mallakar irin wadda ta dace da mota a 1903, ya fara ƙera ta a 1904. Hooke ya gane wani hali na wannan gaɓa wanda har yau shi ne ke kashe farfela. In sandunan biyu suna da kusurwa a tsakaninsu, ko da ta farko tana juyawa da gudu ɗaya ba canji, ta biyun ba za ta yi haka ba: sai ta yi sauri ta wuce, ta yi nawa a cim mata, ta sake sauri, ta sake nawa, sau biyu a kowane juyi guda.

Girman wannan tangaɗi ya danganta ga kusurwar. A digiri 3 bai kai kashi ɗaya cikin 700 na gudun ba. A digiri 10 ya kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. A digiri 30 yana kaiwa kashi 15. Wani zai ce ai waɗannan ƙananan lambobi ne. Haka ne, amma a tuna farfelar da ke juyi 7,000 a minti ɗaya tana yin wannan sauri da nawa sau 14,000 a minti, watau fiye da sau 230 a daƙiƙa guda, kuma kowane ɗaya fizga ce ga ƙarfe mai nauyi. Bugu da ƙari, fizgar ba ta ƙaruwa a hankali. In kusurwa ta ninka biyu, fizga ta ninka huɗu. In gudu ya ninka biyu, ta sake ninka huɗu. Saboda haka motar da kusurwarta ta tashi daga digiri 3 zuwa 6, aka kuma riƙa gudu da ita ninki biyu na abin da take yi a gari, kuros ɗinta yana shan wahala ninki 16. Kamfanin Dana, wanda ya gaji Spicer, ya tsara wa makanikai iyaka: a juyi 1,500 kusurwa tana iya kaiwa digiri 11 da rabi, a juyi 3,000 kada ta kai 6, a juyi 5,000 kuwa digiri 3 da 'yan kai.

Dabarar da injiniyoyi ke yi ita ce su sa kuros biyu su kashe tangaɗin juna. In kusurwar gaba da ta baya daidai suke, gwafa biyun da ke jikin farfelar kuma suna fuskantar gefe guda, to duk saurin da na gaba ya ƙara na baya zai rage shi, juyi ya isa aksul sumul. Sharuɗɗa biyu ke nan, kuma sake inji yana iya ɓata kowannensu. Bakanike ya yanke farfela don ya rage tsawonta, ya mayar da gwafa ya yi walda ba tare da ya daidaita ta da 'yar'uwarta ba, sharaɗi ɗaya ya tafi. Babban inji ya ƙi zama inda ƙaramin yake, saboda tukunyar baƙin mai tana taɓa sitiyari ko salansa tana taɓa bodi, sai a ɗan ɗaga shi, a ɗan karkata shi, a tura shi gefe da yatsa biyu, ɗaya sharaɗin ma ya tafi. Galibi akan auna karkatar sama da ƙasa, in an auna ke nan, a manta da ta gefe, alhali kuros bai san sama ba bai san gefe ba, jimlar biyun yake ji. Ƙa'ida ita ce bambancin kusurwoyin biyu kada ya wuce digiri ɗaya. Wani abin mamaki kuma, ba a son kusurwar ta zama babu sam. Ana son ta kai rabin digiri, domin allurai su riƙa motsawa suna yaɗa giris. In suka tsaya wuri guda sai su huda wa kansu ramuka a jikin kuros.

MX-5 tana da wani sirri a nan. Mazda ta haɗa akwatin giya da aksul da wani dogon ƙarfen alminiyum wanda ke bi ta gefen farfela, ta yadda inji da giya da aksul suka zama kamar jiki guda, ba wanda ke iya karkata ya bar ɗan'uwansa. Waɗanda suka san Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna daga 1975, za su gane dabarar, domin ita farfelarta a cikin wani bututu mai kauri take wanda ya ɗaure giya da aksul wuri guda. To, wanda zai sa LS1 a MX-5 dole ya cire wannan dogon ƙarfe, saboda bai dace da sabon akwatin giya ba. Daga ranar nan giya tana zaune a kan robobinta, aksul yana zaune a kan nasa. Idan aka taka totur, hancin aksul yana yunƙurin ɗagawa sama. Idan aka saki, ya sunkuya. Kusurwar da aka auna a gareji mota na tsaye, ta yi kyau a takarda, ba ita ce farfela ke gani ba sa'ad da ake fitowa daga kwana da giya ta uku. A ganina wannan shi ne wurin da aka fi yin sake, domin ba a ganinsa sai an sa na'urar ɗaukar hoto a ƙarƙashin mota tana gudu, ko an lura da inda ƙarfe ya goge fenti.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi kowanne haɗari. Kowace sanda mai juyawa tana da wani geji na gudu wanda in ta kusance shi sai ta daina juyawa a miƙe, tsakiyarta ta bauɗe ta riƙa zagayawa kamar igiyar tsalle ta yara. Wani shaihin malami na Jami'ar Gilasgo, William Rankine, ya yi rubutu a kan haka a 1869, ya ɗauka cewa sanda ba za ta iya wuce wannan geji ta zauna lafiya ba. Bayan shekara 20 Gustaf de Laval na Suwidin ya nuna da injinsa na tururi cewa ana iya tsallake gejin in an wuce shi da sauri. Wannan ya amfani masu injunan wutar lantarki, amma bai amfani mai mota ba, domin mota ba ta tsallake gudu, hawansa take yi kaɗan kaɗan, ta kuma daɗe a kansa. Farfelar da ta isa gejinta takan lanƙwashe ta tsinke cikin ƙiftawar ido, ko da ba wata murɗawa mai yawa a kanta.

Lissafin gejin ba shi da wuya, kuma ina roƙon ɗalibai su riƙe shi. Yana ƙaruwa daidai da faɗin bututun, yana raguwa da tsawo sau tsawo. Bututun ƙarfe mai faɗin milimita 75 da kaurin bango milimita 2, in tsawonsa mita ɗaya ne gejinsa ya haura juyi 12,000 a minti. In ya zama mita 1.2 sai ya sauko wajen 8,600. In ya kai mita ɗaya da rabi, 5,500 kacal. Waɗannan kuma lambobin takarda ne. A cikin mota, inda gwafa ke da ɗan wasa kuma mazaunin giya ke motsi, gejin gaskiya yana ƙasa da haka, shi ya sa injiniya mai hankali ke barin rata mai yawa. To, wane gudu farfela ke yi a filin tsere? Taya mai faɗin santimita 60 tana juyi kusan 1,770 a minti idan mota na tafiyar kilomita 200 a awa. In aksul yana ninkawa sau 4.1, farfela tana juyi 7,250 ke nan. A lura cewa gudun inji bai shigo lissafin nan ba ko kaɗan. A giya ta biyar ta T56 farfela ta fi inji gudu, inji yana 5,400 ita tana 7,300, direba yana kallon allurar inji yana ganin komai lafiya.

MX-5 gajeriyar mota ce, wannan bai cika damunta ba. Waɗanda ya fi kamawa su ne masu dogon ciki, irin su BMW E36 da Nissan 240SX, waɗanda su ma ana yawan sake musu inji. Kamfanonin da suka ƙera su sun raba farfelarsu gida biyu, suka sa boris a tsakiya yana riƙe da ita, don kowane rabi ya zama gajere, gejinsa ya yi nisa. Mai sake inji yakan ga wannan boris da robarsa a matsayin rauni, ya cire, ya sa doguwar farfela guda ɗaya mai ƙarfi. Wajen murɗawa ya yi gaba, wajen geji kuwa ya yi baya ƙwarai, ga shi kuma sabon injin zai kai motar gudun da tsohon bai taɓa kai ta ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kamfanonin mota sun san wannan al'amari sarai. Motar 'yan sandan Amurka, Ford Crown Victoria, wadda aka daina ƙerawa a 2011, an ƙayyade gudunta a mil 129 a awa in aksul ɗinta mai ninki 3.27 ne, mil 119 in mai ninki 3.55 ne. Ku ninka 129 da 3.27, ku ninka 119 da 3.55, za ku ga amsa ɗaya ce, 422. Watau gudun farfela aka tsare.

A nan akwai wani kuskure da ya yaɗu, cewa farfelar alminiyum ta fi ta ƙarfe jure gudu saboda ba ta da nauyi. Alminiyum ya fi ƙarfe sauƙi sau uku, gaskiya ne, amma kuma ya fi shi saurin lanƙwasa kusan sau uku, sai biyun suka kashe juna. Bututu biyu masu girma ɗaya, na ƙarfe da na alminiyum, gejinsu kusan ɗaya ne. Ribar alminiyum ita ce ana iya faɗaɗa bututun ba tare da ya yi nauyi ba, kuma faɗin ne ke ɗaga gejin. Bututun nan namu mai mita ɗaya da rabi, in aka kai faɗinsa milimita 90, gejinsa zai tashi daga 5,500 zuwa wajen 6,650. Sai dai ramin da farfela ke bi a ƙarƙashin ƙaramar mota matsattse ne, ga salansa biyu na babban inji suna neman wuri a ciki. Zaren kabon shi ne ke ɗaga geji da gaske a girma ɗaya, amma yana da tsada, kuma bakinsa da gam ake manna shi da gwafa, gam kuwa ba ya shiri da zafin salansa.

Rashin daidaiton nauyi ba zan daɗe a kansa ba, lamba ɗaya ta isa. Giram 10 da ya yi yawa a gefe ɗaya na bututu mai faɗin milimita 75, ɗigon walda ke nan ko ɗan ƙarfen awo da ya ɓalle, yana jan farfela da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 20 in tana juyi 7,000. A juyi 3,500 kilo 5 ne kawai, shi ya sa ba a jinsa a cikin gari.

Gajerun shaf na tayoyi nasu ciwon dabam ne. Su ba kuros gare su ba, wata gaɓa ce mai ƙwallaye shida wadda wani injiniyan Ford, Alfred Rzeppa, ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1920, wadda ke wuce da juyi ba tangaɗi ko da kusurwa ta yi girma. Gaɓar da ke wajen aksul an yi ta ne ta riƙa shiga da fita, domin tazarar da ke tsakanin aksul da taya tana canjawa yayin da taya ke hawa da sauka. Idan aka sake inji ko aksul, tsawon shaf na asali ba ya dacewa, sai a yi odar wani. In ya yi tsawo da 'yan milimita, gaɓar za ta riƙa dukan ƙarshen gidanta duk lokacin da motar ta kwanta a kwana. In ya gaza, ƙwallayen su fito bakin gida su fasa shi. Wannan ya fi addabar motocin da tayoyin gaba ke ja, kamar tsofaffin Honda Civic da ake zuba wa injunan Honda na baya-bayan nan masu girma. Daɗin daɗawa, motar tsere akan saukar da ita ƙasa sosai, abin da ke sa shaf ya riƙa aiki a karkace koyaushe. Ƙwallaye suna gurzar hanyarsu, zafi yana taruwa, salansa tana ƙara nata, giris ya narke ya zama ruwa, robar da ke rufe gaɓar ta kumbura ta fashe, cikin zagaye kaɗan gaɓa ta bushe ta ƙone. Farfela ma tana da irin wannan buƙata: gwafarta ta gaba tana zamewa cikin wutsiyar giya, kuma akan bar mata ratar wajen milimita 20 zuwa 25. Kada a ɗauka wannan ciwon masu gareji ne kaɗai. A watan Afrilu na 2005, a filin Imola na Italiya, Kimi Räikkönen yana kan gaba a motar McLaren shaf ya mutu masa tun ba a yi zagaye goma ba.

Duk waɗannan abubuwa suna haɗuwa ne a wuri guda, wanda injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. An fara sanin haɗarinta a jirgin ƙasa: a watan Mayu na 1842 aksul ɗin kan jirgi ya karye a hanyar Basai zuwa Faris, mutane da yawa suka mutu. Daga baya wani injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, ya shafe shekaru yana gwada aksul, har ya tabbatar cewa nauyin da bai kai ya karya ƙarfe a karo ɗaya ba yana karya shi in aka yi ta maimaitawa, kuma ɗan ƙarin nauyi yana rage kwanan ƙarfe ƙwarai. Ga boris an san lissafin daidai: in nauyi ya ninka biyu, kwanan boris mai ƙwallo ya koma kashi ɗaya cikin 8, na mai allurai kuwa kusan ɗaya cikin 10. In ya ninka uku, kamar yadda muka gani a MX-5, kwanan allurai ya koma kusan ɗaya cikin 39. A kan wannan sai a ɗora duka irin na filin tsere. Direba ya hau dakalin gefen kwana, taya ta tashi sama tana juyawa a banza inji yana ingiza ta, ta sauko ta cafke kwalta lokaci guda. Ko ya sauke giya da gaggawa kafin kwana, murɗawa ta juyo ta baya. Kulocin tsere kuma sau da yawa ba shi da 'yan sifirin nan da ke tausasa kamu a kulocin gida, robar da BMW ta sa tsakanin giya da farfela ita ma an cire ta. Duk abin da aka sa don ya sha duka an kawar da shi da sunan ƙarfi, sai dukan ya sauka kan haƙoran shaf.

Saboda haka babban kuskure ne a jefar da karyayyen ƙarfe kafin a karanta shi, kuma wannan ya shafi ma'aikatan da ke sa hannu a takardun gyaran motocin gwamnati kamar yadda ya shafi masu tsere. Ƙarfen da murɗawa mai yawa ta karya a karo ɗaya, haƙoransa sukan murɗe kamar igiya, bakin karayar ya yanke a kwance yana sheƙi. Wanda gajiya ta kashe, tsagar takan tafi a karkace, wajen digiri 45, a fuskarta kuma a ga layuka masu lanƙwasa kamar sawun da ruwa ke bari a yashin bakin kogi, suna nuna inda tsagar ta faro, ko gindin haƙori ko bakin walda ko wani ɗan karce. Bututun da ya lanƙwashe a tsakiya kamar baka, geji ya isa. Kuros mai ramukan allurai ko wanda ya yi shuɗi, kusurwa ce ko rashin giris. Gaɓar shaf mai tabon duka a ƙasan gidanta, tsawo ne bai dace ba. Kowanne maganinsa dabam, kuma ɗaya ne kawai daga cikinsu sayen mai kauri ke warkarwa. Na'urar auna kusurwa ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba.

Ko inda kauri ne maganin, akwai abin dubawa. Ƙarfin da ke karya shaf ba ya ɓacewa don an ƙarfafa shaf, wurin fita zai nema a gaba, ko haƙoran aksul ko na akwatin giya, waɗanda suka fi shaf tsada sau da yawa kuma suka fi wuyar sakewa a bakin fili. Akwai masu tsere da ke barin shaf ya zama shi ne mai rauni da gangan, suna sake shi bayan adadin awoyi tun bai karye ba, yadda ake yi wa kayan jirgin sama. Ina ganin hujjarsu tana da ƙarfi game da shaf. Game da farfela kuwa ban yarda a bar ta ta zama mai rauni ba, domin ita a gefen ƙugun direba take wucewa, tsakaninsu da ita farantin ƙarfe ne wanda kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba, kusa da ita kuma ga bututun mai da na birki. In kuros na gaba ya tsinke, tayoyin baya suna ci gaba da juya ta, sai ta riƙa dukan cikin mota kamar taɓarya, ko bakinta ya faɗi ya soki kwalta ya ɗaga bayan motar sama. Wannan ya sa ƙungiyar tseren NHRA ta Amurka, wadda aka kafa a 1951, ta wajabta wa motar da ke da tayoyin tsere kuma take cinye rubu'in mil cikin daƙiƙa 13.99 ko ƙasa da haka ta sa zoben ƙarfe ya kewaye farfela gaba ɗaya, faɗinsa inci 2, kaurinsa rubu'in inci, a ɗaure shi cikin inci 6 daga kuros na gaba. Ranar da farfela ta tsinke, a cikin wannan zobe za ta yi haukanta har motar ta tsaya.

Shugaba, a nan zan dakata, in akwai masu tambaya bismillah.